Kwalba Mai Murfin Roba

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu na Bungudu ana riƙe da wannan kunya da gaske. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar Baba, ita ta raine ni a ɗakinta da ke can ƙarshen gida. Da na girma na kama aikin gwamnati a birni, sai Baba ya samo mini abin da zai riƙa kirana da shi: mutanen Gusau. In na shigo zaure na durƙusa na gaishe shi, sai ya dubi bango ya ce, "Mutanen Gusau sun iso lahiya?" Ni kuma in dubi tabarma in ce lafiya lau. Iyakar hirarmu ke nan, shekara da shekaru.

In akwai magana mai nauyi, tana da hanyarta. Baba ya faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta faɗa mini, don Inna ma ta fi shi kunyata, in muka yi kiciɓis a tsakar gida ita ke canza hanya. Amsata kuma ta bi ta inda saƙon ya zo. Ban taɓa ganin aibin wannan tsari ba. Har alfahari nake da shi a ofis, ina cewa mu gidanmu ba a zubar da tarbiyya ba.

Baba manomi ne, kuma shi ke limancin ƙaramin masallacin ƙofar gidanmu tun kafin in yi wayo. Ba babban malami ba ne, amma ya sauke littattafansa, kuma unguwa ta san shi da abu ɗaya: riƙon alwala. Alwalar da ya yi ta azahar takan kai shi isha'i. Tsofaffin unguwa har tsokanarsa suke yi, wai butarsa ta fi ta kowa hutawa. Yakan yi murmushi kawai, amma ko yaro ya san yana jin daɗin maganar.

Wata Asabar cikin bazara na je gida, Gwaggo ta ja ni ɗakinta ta saki labule.

"Uban naka ba shi da lahiya," in ji ta. "Gwaiwa ta. Daina zare min ido, kai ma namiji na. Ta daɗe, yanzu ta kai in ya yi ruku'u sai ya cije baki. Shina son a yi mai aiki kahin ruwa ya sauka, kuma ba shi son kowa ya jiya cikin unguwa."

Na ce an gama. Har wani daɗi na ji a raina, don wannan ne karo na farko da Baba ya nemi wani abu a hannuna. Ƙanina direban babbar mota ne, yana can kudu, sauran kuma mata ne suna gidajen mazajensu. Na ƙudurta zan yi abin nan cikin sauri da tsari, yadda zai san karatun bokon da aka yi mini bai tashi a banza ba.

Na kai Baba wani asibiti a Gusau. Likita ya duba shi ya ce aiki ne mai sauƙi, ba sai an sa shi barci ba, allura za a yi masa a baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu na 'yan sa'o'i, a gama yana ido biyu. Aka sa mana ranar Talata. Aka ba ni takardar abubuwan da zan kawo, a ciki har da maganin allurar bayan, don nasu ya ƙare a lokacin.

Na samu komai ban da shi. Na shiga kemis uku, kowa ya ce ya yanke. A na huɗu mai shagon ya dubi takardar ya ce wannan ɗin babu, amma ga wani, ya ɗauko wata kwalba mai ɗan girma, mai murfin roba. Ya ce aikinsu ɗaya, kashe zafi. Da shi ake ɗinke ciwo, da shi ake cire haƙori, da shi ake kaciya a asibiti. Wancan da aka rubuta 'yar mitsitsiyar kwalba ce da ake fasa wuyanta a zuƙe sau ɗaya a yar, wannan kuwa sai a yi ta zuƙa har ya ƙare.

A nan ne aikina ya cuce ni. Ni ma'aikacin sito ne, shekarata goma sha ina karɓar kaya. In an rubuta biro shuɗi aka kawo baƙi, karɓa muke yi. In an rubuta wani irin fenti aka kawo makamancinsa, ba ma tsayar da aiki. A wurina wanda ya nace sai lallai abin da ke kan takarda, ko dai bai san aiki ba, ko kuma yana da wata manufa. Na sa kwalbar a leda na fito ina ganin na yi dabara.

Ranar Talata muka iso da sassafe, Baba bai ci komai ba tun jiya kamar yadda aka ce. Aka zaunar da shi a kan benci a barandar ɗakin tiyata, cikin mutane, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wadda za ta yi masa allurar ta fito karɓar kaya. Nas ce, dattijuwa, gajeruwa, da tabarau rataye a wuya da igiya. Ta zazzage ledar a kan tebur tana dubawa ɗaya-ɗaya. Da ta zo kan kwalbar sai ta sa tabarau, ta juya ta, ta karanta ƙananan rubutun da ni ban ma kula da su ba.

"Malam, wa ya ba ka wanga?"

Na ce kemis, kuma aikinsu ɗaya da wanda aka rubuta.

"Bisa hwata aikinsu ɗaya," in ji ta. "Amma wanga ba na baya ba na. Kwalbar da ake huda murhinta yau a huda gobe, sai an zuba mata abin da ka hana maganin lalacewa. In an yi shi ga hwata ba komi. Cikin baya kuwa jijiyoyi na sirara, kamar gemun masara, suna kwance cikin ruwa babu abin da ya ruhe su. Abin da ka zuba masu shi za su sha. Su ka riƙe ƙahwa, su ka riƙe hitsari da bayan gida. In sun ƙone, wani lokaci ba su dawowa."

Ta yi maganar a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce a yi haƙuri a mayar da dattijo gida ya ci abinci, ita da kanta za ta sa a nemo na gaskiyar, Talata mai zuwa a yi aikin.

Har yau in na tuna abin da na yi bayan wannan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kaina ya ɗau zafi. Abin da na ji kawai shi ne, wata mace ta nuna ban iya sayen magani ba, a gaban ubana, a aiki na farko da ya taɓa ba ni. Na ce ke likita ce? Na ce na san irinku, so kike mu saya a wurin mutanenki. Na ce kin wahalar da tsoho da yunwa tun jiya don ki nuna kin isa. Na faɗi sunan ofishinmu da matsayina, kamar wani abin tsoro, alhali makullin sito ne kawai a hannuna. Mutanen da ke baranda suka zuba mana ido.

Ta bar ni na gama kumfar bakina, sannan ta mayar da kwalbar cikin leda ta miƙo mini.

"Ko ubana na kwance, ba ni sa mai wanga ga baya," in ji ta.

Na fizge ledar. Baba yana zaune taku biyar daga inda muke, bai ɗago ba. Na dubi sama, yadda muka saba, na ce, "A tashi mu tafi." Ya ɗan jima, sannan ya sa carbinsa a aljihu ya miƙe ya biyo ni.

Ina da wani aboki da muka yi sakandare tare. Ya yi shekaru yana miƙa kayan aiki a ɗakin tiyata, daga baya ya buɗe wani ɗan wuri nasa a Tsafe, kowa yana ce masa likita, shi ma bai taɓa gyara wa kowa ba. Tun a harabar asibitin na kira shi na zayyana masa wulaƙancin da aka yi mini. Ya yi dariya ya ce su ma'aikatan manyan asibitoci haka suke, ƙa'ida ta yi musu yawa. Ya ce in kawo Baba gobe, kuma in taho da kwalbar, ba yau ya fara aiki da irinta ba. Na ji sanyi a raina, don abin da nake son ji ke nan. Ga shi kuma Tsafe ta yi nisa da idon mutanen unguwarmu, abin da Baba yake so tun farko.

Gwaggo ta ce za ta bi mu. Na ce ta zauna, ga ciwon gwiwarta ga zafin rana, kwana biyu ne kawai. Ta dube ni ta ce, "To wa za shi yi maku magana?" Na ɗauka wasa take yi, na yi dariya.

Muka kama hanya da hantsi, shi a baya ni ina tuƙi. Daga Bungudu har muka wuce Gusau bai ce uffan ba. Sai da muka zo daidai 'Yandoto ya dubi taga ya ce malamin malaminsa nan ya yi karatu. Ban san ko da ni yake ba, don haka ban amsa ba.

Wurin abokina gida ne aka mayar asibiti, ɗakuna huɗu da rijiya a tsakar gida. Aka shiga da Baba ɗaki na ƙarshe, ni na zauna a kujerar roba a bakin ƙofa. Ƙofar katako ce, ana jin komai. Na ji an ce ya sunkuya ya rungumi matashi. Can na ji abokina yana tambaya, ka ji nan? Nan fa? Sai na ji Baba ya ce "Inna lillahi" a hankali, cikin wata murya da ban san shi da ita ba. Ban taɓa jin ciwo a bakin mutumin nan ba sai ranar.

Abokina ya leƙo, safar hannu a hannunsa. Ya ce allurar ba ta kama sosai ba, ƙasa-ƙasa ta mutu amma inda za a yanka yana ji. Ya ce ko dai a bari sai wani lokaci, ko a ƙara masa.

Na ce, "Ƙara masa mana. Kwalbar ai cike take."

Ni na faɗi haka, da bakina. Ba wanda ya tilasta ni. A bari sai wani lokaci yana nufin in koma Bungudu karo na biyu da tsoho ba a yi masa komai ba, kuma matar nan ta Gusau ta yi gaskiya ke nan. Abokina ya koma ciki. Bayan kamar sa'a ɗaya ya fito yana murmushi ya ce an gama lafiya, ƙafafu za su dawo kafin la'asar.

Aka kwantar da shi a ɗaki mai gado ɗaya, ni aka ba ni tabarma. Da la'asar ƙafar dama ta motsa. Ta hagu yatsunta ba su ko girgiza ba. Abokina ya ce tsufa ne, jikin tsoho ba ya saurin sakin magani. Baba ya juya fuskarsa bango. Ni kuma na zauna ina latsa waya, lokaci-lokaci in dubi silin in ce, "Ya jiki?" Shi kuma ya ce wa bango, "Da sauƙi."

Washegari da safe na fita sayo koko. Da na dawo na tarar an cire zanen gado an dunƙule shi an tura ƙarƙashin gado. Wandon Baba yana rataye a ƙarfen taga, a jiƙe, an ɗauraye shi da ruwan buta. Ban san yadda ya yi ya kai taga da ƙafa ɗaya ba. Ɗakin yana wani wari da kowa ya san ko na mene ne. Shi kuwa yana kwance ya lulluɓa da babbar rigarsa, idonsa a rufe, leɓɓansa suna motsi.

Na gane. Ƙarya nake yi in na ce ban gane ba. Maganar matar nan ta faɗo mini kalma-kalma, su ka riƙe ƙahwa, su ka riƙe hitsari. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in durƙusa a gaban gadon, in ajiye kunyar nan ta shekara arba'in na minti ɗaya, in ce Baba me kake ji, sannan in sa shi a mota mu koma Gusau a ranar. Abin da na yi kuwa, na ajiye kokon a gefen gado na fice. Na je bakin tasha na zauna a benci wajen mai shayi, ina kallon motoci suna lodi, ina gaya wa kaina buta ce ta zube. Na fi sa'a ɗaya a wurin.

Da abokina ya zo zagaye, bai tambayi Baba ba, ni ya ja gefe ya ce, "Yana fitsari?" Na ce, "Yana yi." Ya ce shi ke nan, alhamdu lillahi.

Kwana biyu muka yi haka. Yana sallah a zaune, yana taimama da wani dutse da ya sa aka kawo masa, mutumin da alwala ba ta taɓa yi masa wuya ba. Ina gani, ina kau da kai. A rana ta uku na tallafe shi zuwa mota, ƙafar hagu tana jan ƙasa, takalminsa ya zame ya faɗi a bakin ƙofa bai sani ba. Na koma na ɗauko na ajiye masa a ƙasan mota.

A Bungudu aka ce wa maƙwabta ya je ganin dangi ne ya dawo da zazzaɓi. Na'ibinsa ya ci gaba da jan sallah. Ni ko kwana ban yi ba, na ce aiki yana jirana, na gudu Gusau. Gudu ne, ba wani suna da zan ba shi. Sama da mako guda ban taka gida ba. In wayar gida ta shigo sai in ce ina cikin taro.

Gwaggo ce ta zo da kanta. Ta hau motar haya da ciwon gwiwarta, ta yi ta tambaya har ta gano ofishinmu. Ina zaune a sito tsakanin katan-katan na takarda sai ga ta a bakin ƙofa da sandarta. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Mi kunka yi ma ɗan'uwana a Tsahe?"

Na fara kame-kame. Ta ɗaga mini hannu.

"Hitsari na zubo mai bai sani ba. Ya ce ma uwarka in ya zauna ji yakai kamar bisa naman wani ya zauna. Ƙahwa ba ta ɗaguwa. Masallaci na ƙohwar gida, shina jin kiran salla shina kwance shina hawaye. Kai kuma kana nan kana ƙirgan takarda. Ni na raine ka, ban san na raini matsoraci ba."

Abokan aikina biyu suna wurin. Ban damu da su ba a lokacin, don abin da ta faɗa bai kai rabin abin da na sani game da kaina ba.

Washegari na ɗauko Baba muka koma asibitin Gusau da na fito da shi cikin fushi. Tun daga hanya nake roƙon Allah ya sa matar ba ta aiki ranar. Tana nan. Ita ce ma ta fara hango mu a baranda, Baba a keken marasa lafiya ni ina turawa. Ta dubi ƙafarsa, ta dube ni sau ɗaya, sannan ta rusuna ta gaishe shi kamar ubanta. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Likita ya fito da ni waje ya ce in gaya masa gaskiyar abin da aka yi. Na faɗa: kwalbar nan mai murfin roba, a baya, sau biyu. Ya tambayi yawan abin da aka zuba, na ce ban sani ba. Ya rubuta. Muka koma ciki, aka ja labule aka fara duba Baba, ni ina tsaye a bayan labulen. Na ji suna taɓa shi da tsinin allura suna tambaya, yana cewa bai ji ba, nan ma bai ji ba. Sai na ji muryar nas ɗin.

"Baba, tun yaushe kake haka?"

"Tun ranar da anka yi aikin."

"Ba ka hwaɗa ma kowa ba can?"

Ya ce, "Babu kowa wurin."

Bai faɗa da zafi ba, bai kuma faɗa don in ji ba. Gaskiyarsa ya faɗa. Kwana biyu ina kan tabarma a gefen gadonsa, in na miƙa hannu zan taɓa shi, amma a wurinsa babu wanda zai iya gaya wa irin wannan magana. Wadda za ta ɗauko maganar ta kawo mini, ni na ce ta zauna a gida.

Bayan an yi hoton baya da sauran gwaje-gwaje, likita ya zaunar da ni. Ya ce jijiyoyin ƙasan baya sun taɓu. Ya ce ba zai rantse a kan abu ɗaya ba: zai iya zama abin da aka haɗa maganin da shi, zai iya zama yawansa, don in allurar farko ba ta bazu ba aka ƙara ta biyu, sai maganin ya taru wuri ɗaya ya yi wa jijiyoyin ƙarfi, zai kuma iya zama bakin allurar ne ya taɓa. Ya ce wasu suna farfaɗowa a hankali cikin watanni, wasu rabi, wasu kuma shi ke nan. Na tambaye shi, da an dawo da shi washegari fa? Ya ce wataƙila da ba a ceci jijiyoyin ba, amma da mafitsararsa ba ta cika ta yi ta ambaliya har ta ƙara lalacewa ba. Na lura duk inda ya juya maganar, hannuna yana ciki.

Ranar da za a sallame mu na tare nas ɗin a baranda, daidai inda na ci mutuncinta. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri. Ta katse ni.

"Malam, mu nan mun saba da zagi. Abin da nike so da kai, kullum a duba mai tahin ƙahwar nan. Ko ƙaya ta soke shi ba shi ji, sai ta ruɓe."

Ta wuce da tirenta. Na kai saƙon ga Gwaggo, Gwaggo ta kai ga Inna.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka ba da shi ba. Kafin a yanke gero ƙafar ta ɗan dawo, yana takawa da sanda, yana ɗaga gwiwa sama don kada yatsu su ja ƙasa. An cire masa robar fitsarin da aka sa masa a asibiti, amma riƙon bai dawo yadda yake ba. Ranar da ya fara fita masallaci ina gari. Aka tayar da iƙama, mutane suka dare suka ba shi hanya zuwa gaba, har na'ibin ya ja da baya yana murna. Baba ya kama hannunsa ya tura shi gaba, shi kuma ya koma ƙarshen sahu, bakin ƙofa. Ya san abin da littafi ya ce: mai ɗigon fitsari sallarsa ta yi, amma ba a so ya ja masu lafiya. Ba wanda ya tambaye shi dalili, shi ma bai yi bayani ba. Tun daga ranar kowace sallah da alwalarta, kuma tsofaffin unguwa sun daina maganar butarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabo. Labari ya fita cewa an yi masa aiki, kuma ni na tsaya a kansa. In na zo gari sai dattawa su tare ni suna sa mini albarka, wai ɗa na gari, ya kai ubansa asibiti har sau uku. Ina amsawa da amin, ina jin kamar na saci abu a masallaci.

Na yi kusan shekara ina ɗauke da abin. A zatona Baba bai san komai ba, ya ɗauka ƙaddara ce ta zo ta hannun masu aiki. Wata Asabar na shiga ɗakin Gwaggo na saki labule da kaina. Na gaya mata komai: kemis, kwalbar, gargaɗin da aka yi mini, zagin da na yi, da ƙarin da na ce a yi. Na ce ta kai masa, ta ce ina roƙon ya yafe mini. Ta saurara har na gama, ba ta tsokane ni ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta ce za ta hwaɗa ma uwata.

Amsa ta dawo bayan mako guda. Na tarar da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakinta, ta nuna mini turmi na zauna.

"Ya ce a hwaɗa ma mutanen Gusau babu abin roƙo," in ji ta. "Ya ce ran nan shina zaune bisa benci, kunnenai lahiya lau. Duk abin da matar ta hwaɗi ya jiya, na jijiya da na hitsari. Kuma ya ce tun sannan ya san ita ad da gaskiya."

Na ce to me ya sa ya tashi? Me ya sa ya biyo ni har Tsafe ya ba da bayansa?

"Ni ma na tambayi uwarka." Ta watsa ɓawon gyaɗar gefe ba ta dube ni ba. "Ya ce kai ka ce a tashi, gaban mutane. In ya zauna, ya kunyata ka."

Ina nan zaune a kan turmin aka kira la'asar. Ta ƙofar zaure na hango Baba ya fito da buta, ya jingina sandarsa da bango, ya tsuguna da ƙyar yana sabuwar alwala.